Waɗanda Muka Zo Mota Guda

Zuwa ga jikata, amaryata ta gidan rediyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Bayan haka, ke ja'ira, kullum da safe ina kasa kunne ga shirinki na abubuwan da suka faru a rana irin ta yau: an yi yaƙi kaza, an haifi wane da wance. Ni kuwa ko oho. A katina na shaida an rubuta ranar haihuwata ɗaya ga Janairu, yadda ma'aikacin ofis ya rubuta wa duk tsofaffin layinmu. Ƙarya ce. Mahaifiyata ta ce an haife ni ran da rana ta yi husufi, har kaji suka shige akurki da hantsi.

Ni a ganina, waɗanda aka haifa rana ɗaya mota guda suka shigo duniya, aka yi ta sauke kowa a tasharsa. In na zauna a shago, agogunan mutane rataye a kaina, sai in riƙa hango motar nan tana tafe cikin duhun rana, jarirai cike da kujeru. Binciko mini su wa muka zauna da su, kuma ina so in ji sunana a bakinki tare da nasu. Ki hanzarta. Kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama ma likita ya ce yana haɗa kaya.

Naki, angonki mai gyaran agogo.

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Tsoho mai ran ƙarfe, ka sa na sha ƙura a ɗakin tsofaffin jaridu, amma na samo husufinka! Ranar za ta zagayo farkon watan gobe. Motarku kuwa ba ƙananan mutane ta ɗauko ba. Akwai wata mawaƙiya da duniya ta yi yayinta, da ɗan dambe, da likitan da ya gano wani magani. A ranar kuma wasu ƙasashe biyu suka ajiye makamai, wani jirgin ruwa ya ɓace ba a sake jin ɗuriyarsa ba. 'Yan motarku duk sun riga mu gidan gaskiya, saura kai.

Sai dai shugabanmu ya ce shirin na shahararru ne, ba na gaishe-gaishe ba. Na yi kuka a banɗaki, wallahi. Amma bar ni da shi. Ka dai lallaɓa mini kunnen nan. A gaida Iya.

Amaryarka.

Amaryata,

Madalla! Tun da takardarki ta zo nake mafarkinsu. Ɗan damben ya cika wuri, mawaƙiyar ce a gefen taga, ta ɗora kai a kafaɗata. Kada ki rasa aikinki saboda ni. Muryarki yanzu kamar daga ƙasan rijiya nake jin ta, amma ina ji.

Angonki.

Zuwa ga jikata,

Ni ce Iya. Gaisuwa, Allah ya yi miki albarka. Ban san yadda kika yi da shugaban naku ba, amma duk layi an ji kin ce, "da kuma wani mai gyaran agogo, wanda shi kaɗai ya rage." Har sunan kika faɗa.

Shi bai ji ba, 'yar nan. Kunnen ya rufe tun makon jiya, ya hana a gaya miki. Da ranar ta zo, ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya ɗora tafin hannu a kan rediyo yana kallon fuskata. Da kika zo wurin sunansa sai hawaye suka zubo mini. Ya yi murmushi, ya ce, "To, ta faɗa."

Yanzu yana shago. Wai in gaya miki ya ji sarai, muryarki raɗau. Ki bar shi a haka.

Ki huta lafiya.
Iya.