Hoton da Babanku Ya Iya Gani

Ɗana,

Kada ka kuskura ka ajiye wasiƙar nan ba ka kai ƙarshenta ba. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maijego da jariri.

Hotunan jikana sun iso, kuma ban ji daɗinsu ba. A wasu fuskar yaron ta yi baƙi ƙirin, a wasu ta yi fari fat, ba hanci ba baki. Ɗaya ne ya fito, shi ma kamar da gawayi aka zana shi. Ka rubuto cewa fim mai kaifi ka sa a kyamararka, wanda ke raba baƙi da fari sosai amma ba ya yafe kuskure: haske ya ɗan yi yawa ko ya gaza, hoto ya lalace. Ka ce mai laushi ya fi haƙuri. Tunda ka san haka, me ya kai ka? Son burgewa, tun kana ƙarami.

Idon babanku kullum ƙara dushewa yake, likita kuma bai ƙarfafa mana gwiwa ba. So yake ya ga fuskar yaron nan tun yana iya gani. Ban nuna masa waɗannan ba. Ka sake ɗauka da mai laushin.

Ka gaishe da matarka.

Mahaifiyarka

Ɗana,

Ina gaishe ku, da fatan jariri ya daina ciwon cikin.

Sababbin hotunan sun yi kyau, har gashin girarsa na gani. Na kai babanku bakin taga na miƙa masa. Ya kai su har kan hancinsa, ya ce toka-toka kawai yake gani. Ranar bai taɓa abinci ba.

Jiya ƙanwarka tana gyara durowa ta ba babanku hotunan farkon nan, ban sani ba. Da ya zo kan mai kama da zanen gawayin, sai ya tsaya. Ya daɗe. Ya ɗora yatsa a kunnen yaron, ya ce waɗannan faka-fakan kunnuwa nasa ne, Allah ya ba yaro haƙuri. Yanzu hoton yana aljihun rigarsa, duk baƙon da ya shigo sai ya gani.

Kada ka ce ka yi daidai. Dace ka yi, kuma ba a tafiyar da sana'a da dace.

Babanku yana sa muku albarka. Daga yau duk hoton da zai shigo gidan nan sau biyu za a ɗauke shi: mai laushi namu, mai kaifi na babanku. Kuma ka auna haske kafin ka danna.

Mahaifiyarka