Motar Baba na kuka a kwana, shi kuwa ba ya ji

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Mahaifina tsohon direba ne, sai da gwiwa ta matsa masa ya ajiye aiki. Abin da ya rage masa wata 'yar tsohuwar mota ce da muke kira Gimbiya, saboda yadda yake lallaɓa ta. Ba ya karyawa sai ya goge ta tas. Shi ke kai yarana makaranta ya ɗauko su, don ni da maigidana da sassafe muke fita aiki. Ba mu sa shi ba, shi ya ɗora wa kansa, kuma tun rasuwar Mama ban ga abin da ke sa shi fara'a kamar wannan zirga-zirgar ba.

Kwanakin baya ya rage mini hanya. Muna shan kwanar layinmu sai na ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙafar gaba, ɓangaren da nake zaune. Da muka miƙe sai ta yi shiru. Na tambaye shi ko ya ji, ya yi dariya ya ce 'yan kunnena ne ke kaɗawa. Yaran kuwa suka ce ai ta daɗe tana yi, har rawa suke taka mata. Jiya da ya murɗe sitiyari zai juya a ƙofar gida, ƙarar ta fi ta da.

Anti, Baba ba musu yake yi ba, ji ne ba ya yi. Mun jima da lura. Rediyonsa har maƙwabta ke sha, a yi ta sallama bai amsa ba. Mutumin nan kuwa da kunne ya yi suna. A da direbobi kan kawo masa mota, ya ce a tayar, ya karkata kai, ya faɗi ciwonta ba a ko buɗe bonet ba. Da wane baki zan ce masa yau tasa na kuka bai sani ba?

Yayana ya ce a sace makulli a kai ta gareji. Maigidana ya ce a nemo wa yara wani mai kai su. Ni duka biyun ba su kwanta mini ba, amma in sun fita da safe ƙarar nan nake ta tunani har su dawo. Yaya zan yi?

'Yar Direba

*

Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da wannan tausayin. Bari mu fara da Gimbiya.

Na karanta wa wani makanike wasiƙarki. Ya ce ƙas-ƙas da ke zuwa a kwana kawai, ta ɗauke in an miƙe, galibi shaf ne, wato ƙarfen da ke juya tayar gaba. Robar da ke rufe gaɓarsa ce kan yage, giris, wato man da ke ciki, ya zube, yashi ya shiga yana ci. Da gurnani take yi in ana murɗa sitiyari ko a tsaye, da sai a duba man sitiyari. Gunji mai ƙaruwa da gudu kuma boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Amma ya ja kunne: ba a yanke wa mota hukunci daga nesa, sai an ɗaga ta an girgiza taya, a duba har da boljoyin, gaɓar da ke riƙe ƙafar mota. Shaf kuwa in aka bar shi, wata rana zai saki a tsakiyar titi.

Saboda haka maigidanki yana da gaskiya rabi: kada yara su sake shiga sai an gyara. Amma na 'yan kwanaki, ba sallamar Baba daga aiki ba. Shawarar Yaya kuwa a ajiye ta. In Baba ya gano an yi masa bayan fage, ciwon zai fi na motar wuyar gyara.

Ga abin da za ki yi. Kunnen Baba ne ya yi nauyi, idonsa da hannunsa suna nan. Gobe in yana goge ta, ki ce masa ƙarar nan ta hana ki sukuni, ki roƙe shi ya murɗe sitiyari har ƙarshe ku leƙa bayan taya tare. In robar ta yage zai ga baƙin giris ya fallatsu, ya shafa ya ji, shi da kansa zai faɗi sunan ciwon kafin ki buɗe baki. Ko bai ga komai ba, ki ce don hankalinki ya kwanta a kai ta a ɗaga. Uba ba ya rasa yi wa 'yarsa wannan.

Maganar kunne kada ki haɗa ta da ta mota rana ɗaya, amma kada ki binne ta. Direba na bukatar jin hon. Ki zaɓi ranar da yake cikin nishaɗi ki raka shi wurin likita. Wani lokacin dauɗa ce kawai ta toshe, wani lokacin 'yar na'ura ce za a saƙala masa.

Ranar zuwa gareji kuwa ki zauna a gefe, ki bar shi ya yi wa makanike iyayi har ya ƙoshi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar muku shi, ya tsare shi da jikokinsa a kowace kwana.