Katun ɗin Falmata da Shirun Ezekiya

Talata, 10 ga Maris, 2015

Zafi. Ba wuta tun safe, da ƙafa na yi ta taka keken ɗinki har gwiwata ta fara ciwo. Aikin ma faci ne da rage riguna. Tun da muka dawo Mubi daga gudun hijira kowa ya rame, kayan da suka tsira sun yi wa masu su yawa.

Falmata ta sake zuwa da kwamfutarta. 'Yar Alhaji Abakar mai atamfa ce, shagonsu na jikin nawa a nan Sabon Layi. Karatunsu bai koma daidai ba, sai ta mai da shagona gidan kallo, don ina da ƙaramin janareta, ita kuma tana kawo mai. Na ce mata katun ai na yara ne. Ta ɓata rai. "Anti Dokas, anime ake cewa. Na Japan ne, kuma ba na yara ba ne." To, anime. Idanu kamar faranti, gashi shuɗi, hanci babu. Yarinya na son yaro, yaro ba ya magana. Labarin ke nan gaba ɗaya.

Juma'a, 13 ga Maris

Yau ta nuna mini na karantawa a waya, manga. Daga dama ake farawa zuwa hagu. Na yi ta karanta shi a baibai, amsa na zuwa kafin tambaya, ita kuwa tana ta dariya, wai ita da ta yi allo ba ta taɓa ruɗewa ba.

Zanen da kyau, ban musa ba. Amma shi ma yaron ciki shiru-shiru ne, fuska a ɗaure, hannu a aljihu. Falmata ta ce irinsu take so, wai zuciyarsu a cike take. Shekarunta goma sha tara.

Na koma gida na tarar da mijina Ezekiya a inda na bar shi, ƙarƙashin dalbejiya, wani janareta a warwatse a gabansa. Na ce sannu, ya ɗaga kai. Mutumin da a da in ya fara labari sai tuwo ya huce.

Litinin, 16 ga Maris

Abin da ke ba ni haushi a finafinan nan shi ne, ba wanda ke gajiya. Yarinyar tana dafa masa abinci a ɗan akwati, ta kai masa makaranta, ya karɓa ko na gode babu, ta koma gida tana tsalle. Ba ta wanke-wanke, ba ta bin layin ruwa, ba ta da 'ya mai tambaya me ya sa Baba ba ya wasa da ita kuma. 'Yata Precious ta tambaye ni haka jiya. Na ce Baba ya gaji ne.

Alhamis, 19 ga Maris

Ban yi komai ba yau, amma jikina kamar an daka ni.

Laraba, 25 ga Maris

Mun je ƙauyen Bahuli gaida Mama. Uwar miji ce amma ba ta taɓa nuna mini haka ba. Har yanzu tana share ɗakin Levi, ƙanen Ezekiya, tana shanya katifarsa. Ta ce an gaya mata mutanenmu na dawowa daga Kamaru kaɗan-kaɗan, shi ma yana hanya.

Ni abin da na sani kaɗan ne. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, ƙarshen Oktoba, na goya Precious na bi mutane ta wajen Sorau har muka kai Yola, gidan yayata Rachael. Ezekiya ya nufi Bahuli ɗauko Mama da Levi. Bayan kwanaki ya iso da Mama kaɗai, ƙafafunsa a kumbure. Ya ce Levi ya tsallaka Kamaru. Daga wannan maganar bakinsa ya rufe.

Yau Mama ta ce wa Ezekiya, "Ka dinga tambayar masu dawowa mana." Ya tashi ya fita wajen awaki.

Asabar, 28 ga Maris

Zaɓe. Na yi layi a rana, na dangwala, na dawo. Rachael ta kira. Ta ce akwai shago kusa da ita, in zo da yarinyar ko na ɗan lokaci ne, tun da Ezekiya bai ma san muna gidan ba. Na ce zan yi tunani. Gaskiya na riga na yi.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Ista. Cocinmu har yanzu rabin rufi, bango baƙi. Mun yi sujada a haka. Shugaban mawaƙa ya roƙi Ezekiya ya koma wurinsa, don manyan muryoyi sun yi ƙaranci. Ya girgiza kai kawai. Na ji kunya, na ji haushi, sannan na ji kunyar haushin.

Talata, 14 ga Afrilu

Mun yi gardama da Falmata, ta gaske. A wanda muke kallo yanzu, iyayen yarinyar za su ƙaura wani gari, yaron ya sani, ya ƙi cewa uffan. Ita kuma tana ta ba shi uzuri, wai akwai abin da ya same shi yana ƙarami. Na ce wannan ba soyayya ba ce, bauta ce. Masu zana abin nan suna koya wa 'yan mata cewa in namiji ya zama dutse, aikinki ne ki zauna kina shafa shi har ya narke.

Ta ce, "Anti, ba ki gane ba. Ba don ta narkar da shi take zama ba. Ita ce kaɗai ta lura yana jin ciwo."

Na ce lura ba ta dafa abinci.

Ta ce ita dai lokacin da suke ɓoye a Yola, su da yawa a ɗaki ɗaya, wannan abin ne ya hana ta haukacewa. Garin da jirgin ƙasa ke zuwa a kan lokaci, babban tashin hankalin mutane shi ne wa zai riƙe wa wa lema. Wannan na gane shi. Ni ma wani lokaci titunan nake kallo, ba mutanen ba. Ba shinge, ba soja, ba gidan da aka ƙone.

Asabar, 18 ga Afrilu

Na yi abin da bai kamata ba.

Janareta ya mutu, na aika aka kira Ezekiya. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana kwancewa, mu kuma muna kallo da sauran cajin kwamfuta. An kai wurin da yarinyar ke tashar jirgi da jakarta, tana ta waiwaye ko zai zo. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Shiga jirginki, 'yar nan! Wanda ba zai buɗe baki ba, ko shekara goma kika yi ba zai buɗe ba. Mutum na gajiya. Ana zama da mai rai ne, ba da kabari ba."

Falmata ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta rufe kwamfutar a hankali. Shi bai juyo ba. Ya gama ɗaura abin, ya ja igiya, janareta ya tashi, ya goge hannu ya tafi.

Kabari. Me ya kai bakina ga wannan kalmar?

Laraba, 22 ga Afrilu

Falmata ba ta zo ba tun ranar. Na gama ɗinkin zumuntar matan coci. Na gaya wa Rachael zan zo ƙarshen wata.

Litinin, 27 ga Afrilu

Da hantsi Ezekiya ya zo shago, ya ce, "Maman Precious, rufe ki zo." Na bi shi. Muka hau keke har bayan Bahuli, muka sauka, muka taka zuwa bakin wani rafi da ya ƙafe. Akwai tarin duwatsu a gindin tsamiya. Ya tsaya a nan.

Ya ce Levi ne.

Ba zan iya rubuta shi yadda ya faɗa ba, a gutsure ya fito. Suna gudu Mama ta kasa tafiya, Levi ya yi gaba neman babur. Da ya daɗe, Ezekiya ya ajiye Mama cikin gonar dawa ya bi sawunsa. A bakin hanya ya same shi, an harbe shi. Wani makiyayi, Hammanjoda, shi ma yana gudu da shanunsa, ya tsaya ya taya shi tona rami da adda. Da Ezekiya ya koma, Mama ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai da autanta. Sai ya ce mata Levi ya sami mota ya tsallaka Kamaru. Da wannan ta tashi ta yi tafiyar.

Ya ce, "Duk lokacin da na buɗe baki, ita ce maganar da ke gaba. In ban faɗe ta ba, sauran ba sa fitowa."

Ban rungume shi ba, ban yi wata magana mai daɗi ba. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka da majina, shi yana gyara duwatsun da shanu suka ture. Da muka tashi ya ce damina ta kusa, ruwa zai iya cin wurin, kuma ba zai iya gaya wa Mama shi kaɗai ba.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Mun gaya wa Mama, da Fasto. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗakin Levi ta rufe. Da ta fito ni ta yi wa magana, shi ko kallo. Ta ce, "Gaya masa ya bar ni ina shanya katifar gawa."

Na kwana biyu a can ina dafa wa masu zuwa gaisuwa. Bayana kamar zai tsinke. Yanzu shi ne ke zama a ƙofarta yana magana, ita tana shiru. Ban san ranar da za ta amsa ba.

Talata, 5 ga Mayu

An gyara kabarin, an sa siminti da gicciye. Alhaji Abakar ya zo gaisuwa har Bahuli, da Falmata. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta sake ba.

Rachael ta kira, ta ce ƙarshen wata ai ya wuce. Na ce ana makoki, ba na barin gida yanzu.

Asabar, 9 ga Mayu

An yi ruwan farko jiya, ɗakin girki ya yi yoyo. Ezekiya ya hau yana toshewa, ina miƙa masa ƙusa. Ba wai ya dawo yadda yake ba ne. Yana magana, ya tsaya a tsakiya, ya manta. Mama har yau ba ta kula shi. Ni ma gajiyar tana nan.

Yana can sama ya ce, "Wai yarinyar nan ta shiga jirgin kuwa?"

Na ce wace yarinya? Ya ce ta cikin katun ɗinku, mai jaka. Ashe yana ji. Na ce ban sani ba, ba mu ƙarasa ba, kuma ko ma mene ne ƙarya ce, mutane ba sa haka. Ya ce shi dai yana so ya sani.

Na je wurin Falmata ta tura mini sauran a waya. Ta yi ta murmushi, na ce mata ba nawa ba ne, na Baban Precious ne. Ta ce saura kashi da yawa, ba a gamawa a zama ɗaya, kuma rubutun Turancin na gudu, sai wani ya dinga karanta masa.

Ra'ayina bai canja ba. Wayar dai na sa ta caji tun azahar, ta cika.