Waken da ba a bari ya nuna

Litinin, 8 ga Oktoba 1984

Misiye Okabe, Bajafanen da nake wa girki, ya shigo madafa da kansa yau, riƙe da ƙunshin ariko, ɗanyen waken nan siriri da jirgi ya kawo masa daga Yamai. Wai zai koya mini. Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa baƙi abinci a Agadas, yau ni ake koya wa.

A tsinke kai da gindi. A jefa cikin tafasasshen ruwan gishiri minti biyu, a tsamo, a tsoma a ruwan sanyi na firigo. Kasko ya yi zafi, mai kaɗan, tafarnuwa, citta, baƙin ruwan nan nasu na kwalba, a barbaɗa riɗi. Shi ke nan wai an gama. Na ɗanɗana, yana ƙaras-ƙaras a baki kamar abincin akuya. Na ce masa da daɗi. Ruwan tukunya biyu ya tuntsurar a ƙasa, a shekarar da mata ke kwana layi a bakin famfo.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Yaya Alkasum ya sauko daga Timia, inda yake noman lambun surukansa. Misiye ya ba ni irin waken cikin 'yan takardu, ya ce su da ma'aikatansu za su ɗauki duk abin da aka noma, shekara uku za su yi a nan suna neman dutsen ma'adininsu. Na roƙi Yaya ya shuka.

Yaya ya ce rijiya ta ja baya, bijimin san da ke jan guga ya rame, rabin lambu kawai zai iya shayarwa. Ko alkama ko wannan.

"Habsatu, waken da ba a bari ya nuna, ta ina zai riƙe ciki?"

Na ce masa duniya ta ci gaba, shi kaɗai aka bari a dutse. Ya karɓa. Bai taɓa iya ce mini a'a ba tun muna yara.

Asabar, 8 ga Disamba

Kwando biyu na farko sun iso. Sojojin shinge sun tsare kamiyon, motar da ta ɗauko su, kwana guda kan takardu, waken ya yi yaushi. Na jiƙa shi, ya ɗan farfaɗo. Misiye ya cinye faranti biyu, ya sunkuyar mini da kai har sau uku. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Laraba, 19 ga Disamba

Direban kamiyo ya tsegunta mini. Biba, matar Yaya, ta hana a taɓa fangali shida na waken. Wai ba za ta tsaya tana kallo ana tsinke abinci tun yana jariri ba, sai ya yi 'ya'ya ya bushe. Fangali shida cikin goma sha biyar. Ni kuma na riga na yi wa Misiye alkawarin kwando huɗu a mako.

Na aika mata saƙo mai zafi. Na ce ƙauyanci ne, kuma ni za ta kunyata. Ban yi nadama ba. Mace ba ta taɓa ganin cikin firigo ba, ita za ta san abin da Bajafane ke ci?

Juma'a, 4 ga Janairu 1985

Bijimin san ya mutu. Da hannu suke jan ruwa yanzu, Yaya da Biba.

Talata, 15 ga Janairu

Za su tafi. Takarda ta zo daga ƙasarsu, wai dutsen bai kai a haƙa ba. Shekara uku ta koma wata uku. Misiye ya ce "pardon, Habsatu-san", ya sunkuya har na ga sanƙonsa. Ya bar mini kasko da rabin kwalbar baƙin ruwan. Me zan yi da su, in shayar da lambu?

Da ya san bai da tabbas, me ya kai shi raba iri? Mutum ya zo ƙasar da ba a yi ruwa ba ya ce a noma masa ciyawa.

Lahadi, 20 ga Janairu

Na kai kwando ɗaya kasuwa. Mata suna ɗagawa, suna tambaya ko na awaki ne. Otel ɗin Turawa sun ce suna da mai kawo musu.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Yaya da Biba sun sauko, su biyu da yara huɗu, rijiya ta ƙafe. Duk muna ɗakina da rumfa. Yaya ya tafi layin rabon jar dawa da sojoji ke yi, aka ce sunansa na Timia, ya koma can ya karɓa.

Bai ce mini komai ba kan alkamar. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Biba tana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, kamar baƙuwa.

Litinin, 11 ga Fabrairu

Buhu ɗaya da rabi Biba ta zo da shi. Farin wake, busasshe, na fangali shidan nan. Shi muke ci, safe da yamma, tiya ɗaya, kwanon awo guda, ta yi kwana biyu. Ni ma shi nake ci. Ita ke zuba mini, kuma ba ta taɓa rage mini ko cokali ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Itace ya ƙare, waken Biba kuwa sai ya sha wuta rabin yini. Yara tun safe ba su ci ba. A gindin kwando akwai ragowar ɗanyen, tsinkar ƙarshe, ya yi yaushi.

Na yayyaga kwalin da Misiye ya bari, na hura. Ruwa kofi biyu kawai, ban zubar ba, na dama wa ƙaramar 'yarsu kunu da shi. Tafarnuwa, citta, baƙin ruwan, riɗi. Kafin kwalin ya cinye na sauke.

Yara suka cinye har da lasar kasko. Biba ta ɗauki ɗaya, ta daɗe tana taunawa. Ta ce, "Ba ya cin itace." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Yaya yana bakin ƙofa yana ɗinke takalminsa. Na miƙa masa nasa. Ban shirya ba, na ji bakina ya ce, "Yaya, da alkama ka shuka da yanzu kuna gida." Bai ɗago ba. Ya ce, "Da alkama ce ma rijiyar ƙafewa za ta yi, Habsatu." Ƙarya yake yi mini, alkama da ta nuna kafin nan, ni da shi duk mun sani.

Gobe zan fita neman itace. Na ce wa Biba ta zauna ta huta, ta nuna mini yadda take jiƙa nata waken kawai. Kuma ta ware tiya ɗaya ta iri, kada in taɓa ko na roƙe ta.