Abincin da Na Hana Baba

Daren Laraba, Banikanni

Yanzu na dawo daga asibiti, Baba ya samu barci. Ni na jawo masa wannan.

Tun da ya zo daga Djougou da ciwon suga na hana shi tuwo da doya da shinkafa. Ganye da kifi kawai nake ba shi, ga magani yana sha. Jiya ya ce, "Hadiza, ko loma biyu ta sakwara." Na ce, "Baba, lafiyarka nake nema."

Yau bayan azahar ya faɗi a ƙofar masallaci, gumi sharkaf, da aka kira ni na je, ko gane ni bai yi ba.

Likita ta ce sugansa ne ya yi ƙasa sosai. Wai irin abincin nan da na hana shi ne jiki ke narkarwa ya samu ƙarfi, har ƙwaƙwalwa da shi take aiki. Ragewa ake yi, ba yankewa ba. Ni kuwa a waya na ga an ce a yanke, ban tambayi kowa ba.

Da ya farfaɗo na roƙe shi gafara. Ya ce, "Na san ƙauna ce, 'yar nan. Amma na ji yunwa."

Sati uku mahaifina yana kwana da yunwa a gidana, kuma ludayin yana hannuna.