Kamfas ɗin da Baba Ya Sayo

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Malam Datti na lissafi ya ce ran Juma'a kowa ya zo da rula da kamfas, za mu zana fure mai ganye shida cikin da'ira. Wanda bai kawo ba durƙuso a gaban aji. Ni da ko sunana aka kira sai in sunkuyar da kai! Na faɗa wa Baba daga bayan labule.

Talata, 8 ga Oktoba

Baba ya dawo daga kasuwar Kawo yana murmushi. "Rahmatu, ga kamfas ɗinki, mai kyan na zaɓa, har da hoton Ka'aba." Ashe kamfas ɗin duba alƙibla ne. Na durƙusa na karɓa na ce Allah ya ƙara buɗi. To me zan ce?

Laraba, 9 ga Oktoba

Binta da muke benci ɗaya ta gan shi a jakata. "Ke, hanyar Makka za ki zana mana?" Dariya har da riƙe ciki. Ta nuna min nata: ƙafa biyu, ɗaya tsini, ɗaya fensir. Aro kuwa a'a, wai na yayanta ne.

Na gwada bakin kofi. Da'ira ta fita, amma ina tsakiyarta? Na gwada zare da allurar Umma, zaren sai miƙewa yake, furen ya zama kamar kuɓewa. Na kasa zama wuri ɗaya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Sau nawa na je ƙofar ɗakin Baba na dawo. In na faɗa, kamar na ce bai sani ba. In na yi shiru, gobe durƙuso.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na faɗa. Yana ɗaura takalmi zai fita, na ce, "Baba, ba irinsa ba ne." Muryar kamar ba tawa ba. Na kwatanta masa da yatsu biyu. Ya dube ni, can ya fashe da dariya. "Au, mai ƙafar zalɓen nan? Shi ne kika bar ni ina ta yabon kaina, uwata?"

Shagunan unguwa ba su buɗe ba tukuna. Na yi durƙuson. Gwiwa ce kawai ta yi zafi.

Litinin, 14 ga Oktoba

Sabon yana hannuna tun Asabar. In ba ka taɓa buɗin ƙafarsa ba, taku shida yake yi a kan da'ira ya dawo inda ya fara. Na cika bayan kwalin sabulu da furanni.

Malam ya ce wa zai nuna a allo. Hannuna ya ɗan ɗaga. Wataƙila hijabi nake gyarawa.

Na alƙiblar dai ban mayar wa Baba ba.