Waken da Mu'az Ya Ce Ƙwari Sun Cinye

Unguwar Dawaki,
Gombe.

Zuwa ga yayana, Ya Fannami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Sadiƙa da yara can Fatakwal. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan, ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Iya ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida shan hantsi, 'yata Bilkisu kuma ta shiga aji uku na sakandare. Da gangan na ƙi kiran ka a waya, domin na san kafin in kai rabin magana za ka ce in yi haƙuri. Wannan karon ka karanta har ƙarshe tukuna.

Zancen Mu'az ne, ɗan Baffa Ba'ana, wanda na riƙe a gidana shekara shida tun da muka gudo daga Bama. Bara da kaka ya kawo mini shawara mu sayi wake a kasuwar Kwadon mu ajiye, in ya yi tsada mu sayar mu raba riba. Na ce ba ni da kuɗi. Shi ya tuna mini da katin bashi da banki ya ba mu ma'aikatan asibiti, da damar da suke ba mai albashi ya ciri fiye da abin da ke asusunsa. Na kwashe duka biyun, naira dubu ɗari tara, na damƙa masa, ya sayi buhu goma. Da bazara ta yi sai ya shigo da jajayen idanu ya ce ƙwari sun cinye waken, ko dabba ba za ta ci ba. Ya Fannami, ni na lallashe shi! Ni na zuba masa abinci ranar, ina ce masa ƙaddara ce.

Daga nan ban sake ganin albashina ba. Yana shiga banki zai haɗiye, katin kuma kuɗin ruwansa na hawa kowane wata, har bashin ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Sau biyu ana koro Bilkisu kan kuɗin makaranta. Maganin Iya ma a wani kemis na unguwar Herwagana nake karɓa bashi, kaina a ƙasa. Ana haka sai Malam Isaiah, mai shagon da aka ajiye waken, ya kawo matarsa awo asibitinmu. Da ya gane ni sai ya hau taya ni murna, wai wakena ya fita tas ba ko huda ɗaya, Mu'az ya sayar wa 'yan kudu kusan ninki biyu. A nan na gane inda sabon babur ɗinsa ya fito, da filin da ya ce ubangidansa ne ya ba shi.

Na fara da gyara kaina. Na je banki, wata ma'aikaciya mai suna Jennifer ta zaunar da ni ta lissafa komai, ta ce a haɗe bashin katin da na asusun su zama rance ɗaya mai sauƙin ruwa, a riƙa cire dubu arba'in da takwas duk wata har wata talatin da shida. Na sa hannu ina istigfari, na sa ta datse katin da almakashi a gabana. Yanzu ko ba komai na san abin da zai rage mini a ƙarshen wata. Amma shekara uku ne na gumina, shi kuwa yana yawo a babur yana fesa turare.

To, ga abin da na yi, kuma ban yi nadama ba. Ka san yana neman auren Lailatu, 'yar Alhaji Wakili, ni ce ma na shige masa gaba suka karɓe shi duk da baƙi ne mu a garin. Ban ce masa uffan ba har aka sa rana. Sannan na ɗauki takardun banki, na roƙi Malam Isaiah ya raka ni, muka zauna a zauren Alhaji. Na ce masa da bakina na yabi yaron nan, da bakina kuma na zo in janye. Alhaji ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya saka mini. Washegari aka mayar wa Mu'az kayansa a bayan a-daidaita-sahu, unguwa na kallo.

Ya zo ƙofata yana kuka, wai na kashe masa rayuwa, in dubi zumunci. Na ce masa zumuncin ne ya ci a buhu goma. Na ba shi kwana talatin ya sayar da babur da filin ya kawo kuɗin, in ba haka ba mu haɗu gaban alƙali, shaidata a shirye. Na san zai kira ka, Baffa ma zai kira ka. Don Allah kada ka aiko masa ko sisi, kada kuma ka roƙe ni in yafe. Zan yafe, amma sai ranar da banki ya cire kwabo na ƙarshe. Kafin nan ina so duk ƙarshen wata ya ji abin da nake ji.

Ka gaishe mini da Anti Sadiƙa, da Abdurra'uf, da 'yar autarku Zainaba. Iya tana sa muku albarka, Bilkisu na gaisuwa. Iya ba ta san na je gidan Alhaji ba, in kun yi waya ka bar shi a cikinka.

Ƙanwarka,
Yagana.